Ƙoda: Yadda Take Aiki da Dalilin da Ya Sa Ba Ta Kuka da Wuri

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)





GABATARWA

Da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na san da yawa za su zaci tsohon hedimasta zai sake ɗauko zancen allo da alli. Bana dai na sauya hanya. Ni ba likita ba ne, amma aikin malamin makaranta tun asali shi ne ya karanta, ya tambayi masana, sannan ya sauƙaƙa wa na gabansa. Abin da na yi ke nan game da ƙoda.

Dalilina shi ne wani yaro da na koyar a aji shida, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ya girma, ya kama kasuwanci a Kano, Allah ya buɗa masa, bai fi shekara arba'in da 'yan kai ba. Ya zo mana Babbar Salla garau, yana raha, yana rabon nama. Kafin damina ta zagayo ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta sauya, aka ce ƙodojinsa duka biyun sun gaza, kuma hawan jini ne ya daɗe yana cin su, alhali bai taɓa bari an auna shi ba. Aka sayar da gonar gado, aka bi da shago, ana biyan kuɗin wankin ƙoda, har kwana ya ƙare. Ranar da na je duba shi a asibiti ya kama hannuna ya ce, "Malam, yaya za a yi abu ya lalace a cikina shekara da shekaru, ban ji ko ciwo ba?" A ranar ban sami amsar da zan ba shi ba. Wannan jawabi ita ce amsar, ko da ta makara gare shi, ina fata ba ta makara gare mu ba.

INA ƘODA TAKE, YAYA KAMARTA?

Na fara ganin cikin ƙoda da idona ne a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Malaminmu na kimiyya ya aika wurin mahauta aka sayo ƙodar rago, ya sa reza ya tsaga ta gida biyu a tsaye, ya ce kowa ya matso. Duk wanda ya taɓa fiɗar ragon layya ya san ta: tana maƙale a bayan ciki, lulluɓe da farin kitse, siffarta kamar ƙwayar wake. Ta mutum ma haka take. Guda biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙashin baya, can sama a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ba a ƙugu ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka ƙasa, domin hanta ta tokare ta daga sama. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba: tsawo kamar santimita 11, nauyi kamar giram 150.

In an tsaga ta za a ga ɓawon waje mai duhun ja, daga ciki kuma wasu sassa jere kamar ƙananan dalar gyaɗa da tsininsu ya fuskanci tsakiya, sannan wani farin rami mai kama da mazurari. A nan fitsari yake taruwa, ya gangara ta wani siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 har cikin mafitsara, inda yake jira sai an je an zubar. A lotsawar da ke gefen waken kuwa akwai manyan jijiyoyi biyu: ɗaya tana shigar da jini, ɗaya tana mayar da shi bayan an tace.

Ga abin lura na farko. Ƙodojin nan biyu, in an ɗora su a sikeli, ba su kai rabin kilo ba. Amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ta harba, wurinsu yake zuwa: fiye da lita ɗaya a kowane minti, fiye da lita 1,500 a kwana guda. Ba a kai wa ɗan ƙaramin ofis irin wannan tarin takardu sai in aikinsa babba ne.

MATAKI NA FARKO: TATA

Jiki kamar gidan da ake girki ne dare da rana. Duk inda aka hura wuta kuwa akwai hayaƙi, akwai toka. Hayaƙin jiki huhu ne yake fitar da shi cikin numfashi. Tokar kuma ita ce rabon ƙoda. Idan muka ci nama, wake, ƙwai ko kifi, jiki ya ɗebi abin da zai yi gini da shi, hanta takan mayar da ragowar wani sinadari da ake kira yuriya. Tsokar jiki ma tana zubar da nata dattin, wato kiriyatinin. Ga ragowar magungunan da muka sha, ga gishirin da ya yi yawa. Duk waɗannan a cikin jini suke yawo, kuma in suka taru guba ne.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda masana suke kira nefron. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani masani ɗan Italiya, Marcello Malpighi, shi ya fara bayyana ƙwayoyinsu a 1666, sannan William Bowman na Ingila ya fayyace yadda suke haɗe a 1842. Kowace 'yar matata kashi biyu ce: ƙullin siraran jijiyoyin jini da ke zaune cikin wani ɗan ƙoƙo, da kuma dogon bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya taso daga ƙoƙon.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a ƙullin nan, domin daidai yake da tatar gasara. Ana zuba ƙullu a ƙyalle a matsa, ruwan ya wuce, dusa ta tsaya. A ƙoda, ƙarfin bugun zuciya shi ne hannun da ke matsawa. Ruwan jini yana ratsa bangon jijiyoyin ya faɗa cikin ƙoƙo, ɗauke da duk wani abu ƙarami: gishiri, sukari, yuriya da sauransu. Manyan abubuwa kuwa, wato ƙwayoyin jini da furotin, ba sa iya wucewa, sai su ci gaba da tafiyarsu a cikin jijiya. Ku riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo gare shi: lafiyayyar ƙoda ba ta barin jini ko furotin ya zubo cikin fitsari. In an gan su, ƙyallen ya fara yagewa ke nan.

Ruwan da ake tacewa haka a kwana guda yakan kai lita 180. Wato jarka bakwai manya, masu cin lita 25, har da ɗori. Wani zai ce, "Malam, ai duk jinin babban mutum bai wuce lita biyar ba, daga ina jarka bakwai ta fito?" Amsa ita ce ruwa ɗaya ne yake ta kai da komo. Ruwan da ke cikin jini kamar lita uku ne, kuma ana tace shi kusan sau sittin tsakanin asubar yau da ta gobe.

MATAKI NA BIYU: MAYARWA

To, da a ce duk abin da aka tace zai fita a fitsari, da babu wanda zai kai azahar da rai. A nan dogon bututun nan yake shigowa.

Ku dubi matar da za ta yi wa ɗakinta sharar salla. Ba ta tsayawa tana tsintar datti ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin gado. Fito da kayan take yi gaba ɗaya tsakar gida, kwalla da tasa da tabarma da tsumma, sannan ta riƙa ɗaukar masu amfani tana mayarwa. Abin da ya rage a waje shi ne shara. Haka ƙoda take yi. Yayin da ruwan ke gangarawa cikin bututu, bangonsa yana tsame abin da jiki ke buƙata yana mayar wa jini. Cikin lita 180, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Kashi 99 cikin 100 yana komawa. Gishirin da ke ratsa matatan nan a kwana ya kusa kilo ɗaya da rabi, amma 'yan giram kaɗan ne suke fita. Sukari kuwa, kimanin giram 180, duka ake mayar da shi, ba a barin ko ɗigo. Daɗin daɗawa, akwai wasu abubuwa, kamar ragowar magunguna da tsamin jini, waɗanda bututun yake ɗebowa da kansa daga jini ya tura cikin fitsari.

Hikimar wannan tsari babba ce. Ƙoda ba ta buƙatar sanin sunan kowace guba da ke duniya. Abin da take buƙata shi ne ta san kayan ɗakinta. Duk baƙon abin da ba ta gane ba, sai ta bar shi a tsakar gida ya bi shara.

Sai dai hannun mai ɗauka yana da iyaka. In sukarin jini ya hau fiye da kima, kamar yadda yake faruwa ga mai ciwon suga, bututun ba ya iya kwashe shi duka, sai ragowar ta zube cikin fitsari. Shi ya sa kiyashi ke taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari. Sukarin kuma yana jan ruwa ya tafi da shi, don haka mai ciwon yake yawan fitsari da yawan ƙishirwa.

AWON RUWA DA GISHIRI

Kowa a cikinmu ya lura cewa da bazara, ko da yammacin ranar azumi, fitsari yakan zama kaɗan, ya yi duhu, alhali da damina ko bayan an sha ruwa da yawa yakan yawaita ya yi fari. Wannan ba ciwo ba ne, lissafi ne. Idan ruwa ya ragu a jiki, ƙwaƙwalwa takan gane, sai ta tashe mu da ƙishirwa, ta kuma saki wani sinadari cikin jini a matsayin ɗan aike zuwa ga ƙoda cewa a riƙe ruwa. Nan take ƙarshen bututun zai buɗe ƙofofinsa ruwa ya koma jini. In ruwa ya wadata, saƙon ya tsaya, ƙofofin su rufe, rarar ta fita. Abin da ya ba ƙoda ikon yin haka shi ne wata doguwar lanƙwasa a tsakiyar bututun, wadda Jakob Henle na Jamus ya bayyana a 1862. Raƙumi yana cikin dabbobin da ƙodarsu ta gwanance a wannan tattali, shi ya sa fitsarinsa yake da kauri, yake kuma jure kwanaki bai sha ruwa ba.

Mu kam ba raƙuma ba ne. Komai tattalin ƙodar mutum, tana buƙatar kamar rabin lita na fitsari a kwana don ta kwashe sharar jiki. Idan ruwa ya ƙare ƙwarai, kamar ga mai amai da gudawa, ko macen da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu, hannun da ke matsa gasara ya saki, tata ta tsaya cak. Wannan ita ce gazawar farat ɗaya. In an yi hanzari aka mayar da ruwa ko jini, sau da yawa ƙodar takan farfaɗo. In an yi jinkiri, a rasa ta ko a rasa ran. Darajar ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa ke nan.

Ba ruwa kaɗai take aunawa ba. Akwai wani nau'in gishiri mai suna fotasiyam, wanda zuciya ba ta bugawa daidai sai yana kan ma'auni. In ya taru yana iya tsayar da ita. Ƙoda ce mai tsaron wannan ma'auni, ita ce kuma take hana jini yin tsami.

AYYUKA UKU DA BA A GANI A FITSARI

Na farko, ƙoda tana da hannu a ƙarfin bugun jini. In ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, takan saki sinadarin renin, wanda ke sa jijiyoyi su tsuke, jiki kuma ya riƙe gishiri da ruwa, sai awon jini ya hau. Wannan ceto ne ga wanda ya zubar da jini. Amma ga mai hawan jini tarko ne: hawan jini yana lalata siraran jijiyoyin ƙoda, ƙodar da ta lalace kuma tana ƙara hawan jini, haka za su yi ta zuga juna.

Na biyu, ita ce take aika wa ɓargon ƙashi umarnin ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Don haka mai ciwon ƙoda yakan yi fari, ya yi ta kasala da haki, a yi ta ba shi maganin ƙarin jini ba a dace ba.

Na uku, bitamin D da fata ke samarwa daga hasken rana ba ya aiki sai hanta ta taɓa shi, ƙoda ta kammala shi. In ta gaza, ƙashi ya yi rauni.

ME YA SA BA TA KUKA?

Yanzu mun iso ga tambayar ɗalibina. Zan amsa ta da abin da na fi sani. Shekarun da na yi ina hedimasta, in aka ɗauke mini malami guda ba a turo madadinsa ba, ba na rufe makaranta. Sai in haɗe ajinsa da na wani. In aka ɗauke na biyu, in sake haɗewa. Ana kaɗa ƙararrawa a kan lokaci, yara suna zuwa suna komawa, iyaye ba su san komai ba. Malaman da suka rage kuwa suna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu, suna gajiya, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a gane ɓarnar sai ranar da sakamakon jarrabawa ya fito.

Haka matatan ƙoda suke. An halicce mu da rara mai yawa, har mutum yana iya rayuwa lafiya da ƙoda guda. In wasu matatai suka mutu, sauran sukan ɗauki aikinsu, fitsari ya ci gaba da fita kamar kullum. Amma matatar da ta mutu ba a haifar wata a gurbinta, kuma nauyin da ya ƙaru a kan na raye shi ne yake gaggauta mutuwarsu. Bugu da ƙari, irin wannan lalacewa ta sannu-sannu ba ta zuwa da zogi. Ƙoda takan yi ciwo ne in tsakuwa ta toshe bututu ko ƙwayar cuta ta kama ta. Yawancin ciwon bayan da muke ɗora mata, na tsoka ne da ƙashi.

Saboda haka mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana kasuwa yana ciniki. Alamomin da muka sani, wato kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, tashin zuciya, ƙin abinci, ƙaiƙayin jiki, shaƙuwa mai naci da raguwar fitsari, galibi sakamakon jarrabawa ne, sun zo bayan shekara ta ƙare. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya goma a duniya yana da wani mataki na ciwon ƙoda, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Sai dai rashin kuka ba ya nufin ba ta raɗa. Tana raɗa a wuri uku: a na'urar awon jini, a gwajin fitsari, inda ɗan tsinken takarda ke nuna furotin, jini ko sukari cikin minti kaɗan, da gwajin kiriyatinin a jini, wanda likita ke lissafa saura nawa aikin ƙoda ya rage da shi. Fitsari mai kumfar da ba ta kwanciya da yawan tashi fitsarin dare su ma raɗa ne, bai kamata a share su ba.

ABUBUWAN DA KE CIN ƘODA A WURINMU

Manyan biyu su ne hawan jini da ciwon suga, kuma 'yan'uwa mazauna birni, ku kuka fi kusa da su: zama a mota da ofis da shago, lemon kwalba, ƙiba, da miyar da aka cika wa gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a kwana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi.

Sai magungunan kashe zogi irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis ko a tasha. Suna rage jinin da ke shiga matatai, musamman ga wanda ya wuni a rana bai sha ruwa ba. Manomi ko direban da ya mayar da su abincin kullum, ƙodarsa yake ci bashi. Haka jiƙe-jiƙen da ake talla a mota da lasifika, waɗanda mai sayarwar kansa ba zai iya faɗin abin da ke ciki ko yawansa ba, da man bilicin da ake haɗawa da sinadarin makyuri. Duk abin da aka haɗiye ko ya ratsa fata, a ƙofar ƙoda yake kwana.

Mun ga misali da idonmu. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, da aka samu gurɓace da guba, ya kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar tsayar musu da ƙoda, kuma Zariya tana cikin wuraren da abin ya shafa. A 2021 a Kano, wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami na haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suna fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu suka rasu. Can gabas kuma, a Gashuwa da garuruwan da ke kusa da ita a Jihar Yobe, an daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, masana suna ta binciken dalili.

A gida kuwa akwai tsargiya. Da muna yara, fitsarin jini a wurin yaro namiji har ɗauka ake yi alamar girma ce. Ba haka ba ne. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin kududdufi da fadama, ta huda fata yayin wanka, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. In ta daɗe takan tsuke bututun fitsari, fitsarin ya koma baya ya danne ƙoda. Maganinta, praziquantel, sananne ne kuma mai sauƙi. Irin wannan toshewa tana samun dattawa maza in 'yar tsokar da ke wuyan mafitsara ta kumbura. Tsohon da fitsari ke yi masa gardama kada ya ɓoye don kunya. A ƙara da masu sikila, da mai cikin da jininta ya hau, da yaron da ya kumbura bayan ƙuraje ko ciwon maƙogwaro, fitsarinsa ya koma kalar shayi: duk a kai su asibiti da wuri.

IDAN TA GAZA

Hanya biyu ce ta rage. Ta farko ita ce abin da muke kira wankin ƙoda, ko da yake jini ake wankewa: a fito da shi ta roba, ya ratsa na'ura, ya koma. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar farko a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an fara wannan aiki a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Ku lissafa: awa 12 ke nan, a madadin awa 168 da ƙoda ke yi kyauta a mako. Na'urar ba ta warkarwa, riƙon ƙwarya take yi, kuma kowane zama dubban nairori ne masu yawa.

Ta biyu ita ce dashe. An fara cin nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954, lokacin da Dokta Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani tagwaye ya dasa wa ɗan'uwansa. A Nijeriya an fara a Asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko a 2002. Abin alfahari ne, amma sai an sami mai bayarwa da ya dace, sai miliyoyin kuɗi, sannan wanda aka yi wa zai sha magani muddin ransa don kada jiki ya ƙi baƙuwar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta cinikin sassan jiki, kyauta kaɗai ta yarda da ita.

SHAWARWARI

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a wannan ciwo kuwa ya fi shi nesa ba kusa ba. Ni kaina a shekarar da na yi ritaya aka gano jinina ya hau, alhali ban taɓa jin komai ba. Tun daga ranar nake haɗiye ƙwayata kowace safiya, kuma ga ni a gabanku.

Don haka ina roƙon duk wanda ya kai shekara arba'in, ko yake da hawan jini, suga ko ciwon ƙoda a danginsa, ya auna jini da suga ya kuma gwada fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ya ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin tun farko ma ba ya jin komai. A sha ruwa gwargwadon ƙishirwa da zafin rana, har fitsari ya yi haske. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa baki da sahur, mai ciwon ƙoda kuma ya nemi shawarar likitansa kafin watan ya kama. A rage gishiri, a bar shan magani barkatai.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo guda. Mun saba tara gudummawa in ɗan'uwa ya kwanta, Allah ya saka da alheri. Amma kuɗin zama ɗaya na wankin ƙoda ya isa ya sayi na'urar awon jini. Muna da 'ya'ya likitoci da ma'aikatan jinya. Me zai hana a kowane taron shekara a ajiye tebur guda a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo a auna shi kafin ya zauna? Ana bikin Ranar Ƙoda ta Duniya kowace Alhamis ta biyu ta watan Maris tun daga 2006; mu ma muna iya ware ranar mu kai awon nan unguwanninmu. Ku kuma da kuke zuwa gida da salla, cikin tsarabar shadda da atamfa ku haɗa wa tsofaffi da na'urar awon jini, ku koya wa wani yaro a gidan yadda ake amfani da ita.

KAMMALAWA

Jama'a, tun da na fara wannan magana ƙodar kowane ɗayanmu ta tace ruwan jininsa gaba ɗaya, ta mayar masa da abin da yake nasa, ta ware shara, ba ta nemi lada ba, ba ta kuma sanar da shi ba. Ma'aikacin da ba ya ƙorafi, haƙƙin maigida ne ya riƙa leƙa shi yana tambayar lafiyarsa. Ɗalibina bai sami wanda ya gaya masa haka ba. Ku kun ji, in kunne ya ji kuwa, jiki ya tsira.

 Inda na yi kuskure, likitocin da ke cikinmu su gyara mini. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.